Jar Fitilar Motar Asibiti

Litinin, 7 ga Yuni, 1976. Ƙarfe shida da rabi na safe.

Na wanke hannuwana sau huɗu tun asuba. Ba komai a jikinsu, na sani. Shekara ashirin da biyu ina karɓar haihuwa, ban taɓa lura da sau nawa nake wanke hannu ba sai yau.

Ba zan rubuta abin da ya faru jiya ba. Mota zan rubuta, don ita kaɗai alƙalamina zai iya ɗauka.

Sabuwar Fijo ce, wata biyar ke nan da kawo mana ita ɗakin haihuwa na nan Kusada. Ranar da ta iso har guɗa aka yi mata. Jiya bayan azahar muna kan hanyar kai Sa'a asibitin Kankiya tana naƙuda, ruwan sama ya tsinke. Dawuda direba ya kunna fitilu da waifa. Ina baya riƙe da Sa'a, amma ina ganin waifar tana rage gudu, tana ja da ƙyar kamar tsoho mai ciwon baya, har ta tsaya cak a tsakiyar gilashi. Injin ya yi tari biyu ya mutu. Dawuda ya murɗa makulli, ƙis. Ya sake, ƙis. A na uku ko ƙis ɗin babu.

Awa huɗu a gindin tsamiya. Dawuda ya tafi neman taimako a ƙasa, cikin ruwa. Manu mijin Sa'a yana tsaye a waje, ya ƙi shigowa, ya ƙi matsawa.

Jaririyar tana da rai.

Litinin, bayan la'asar.

Sabuwar mota. Sabuwa!

Talata, 8 ga Yuni. Ƙarfe tara na safe.

Ƙwaryar Sa'a tana nan bakin ƙofata, da faifanta a kai. Ranar Asabar ta kawo mani nono, na ce ta bar ƙwaryar sai na juye. Shekara shida tana kawo mani nono daga rugarsu ta bayan Dudunni, ko wane lokaci sai ta yi mani tsiya cewa masu boko ba su san nono mai kyau ba sai an rubuta masu a takarda. Na ce wa Rabi, mai taimaka mani a ɗakin haihuwa, kada ta taɓa ƙwaryar.

Rabi ce ta kawo mani maganar da ake yi a gari. Wai Dawuda yana cire batirin motar asibiti yana ba masu lasifika haya a gidajen biki. Wasu kuma sun ce ya sayar da sabon ne gaba ɗaya ya sa wani tsoho a madadinsa.

Na ce, "Wa ya gani?"

Ta ce, "Sista, kowa ya gani."

"Kowa ɗan gidan wa? Ina ne unguwarsu?"

Ta juya ta koma bakin aikinta. Amma maganar ta zauna mani daidai, kamar an auna. Batir ba ya tsiyayewa da kansa kamar tulu mai huda. Wani ya yi wani abu. Ina son in san sunan wannan wanin, in rubuta shi da manyan baƙaƙe.

Na rubuta rahoto zuwa ofis, shafi uku. Na sa kalmar sakaci sau biyar. Na karanta, na ga bai isa ba, na ƙara ta shida.

Laraba, 9 ga Yuni. Da hantsi.

An yi ruwa jiya da yamma. Sabon rufin kwanona ya cika ƙara. Ban san haka kwano yake ba, da ban sa ba.

Alhamis, 10 ga Yuni. Bayan azahar.

Takarda ta zo. An dakatar da Dawuda, kwamiti zai zauna ranar ashirin da huɗu ga wata a Kankiya. Idan suka same shi da laifi kora ce, kuma za a miƙa shi ga 'yan sanda a kan kayan gwamnati.

Ni na karanta mashi takardar. Ya shigo ofishina ya durƙusa, dattijo mai furfura, ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Ya ciro makullin daga aljihu ya ɗora a kan tebur a hankali, kamar wanda ke ajiye ƙwai.

Na ce, "Ba ka da abin cewa?"

Ya ce, "Allah ya jiƙan ta."

"Ba wa'azi na tambaye ka ba. Batir na tambaye ka. A gidan bikin wa ya kwana?"

Ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa ganin ya dube ni ido cikin ido ba. Ya ce, "Sista, ai maganar fitilar nan da na yi maki..."

Na katse shi. Na ce ya ajiye bayaninsa ya kai wa kwamiti, su ne aka biya su saurari tatsuniya. Ya ce to, ya sa hularsa, ya fita.

Na tsani mutum mai haƙuri a lokacin da nake neman wanda zan yi faɗa da shi.

Juma'a, 11 ga Yuni. Da yamma.

Na shiga motar kasuwa na je Kankiya. An janyo Fijon an ajiye ta a wurin Kabo, mai gyaran wutar mota, a ƙarƙashin wata rumfa bayan tasha. Kwamiti ne ya ce ya duba ya faɗi abin da ya gani. Ni kuma na je ne in tabbata ba za a rufa wa kowa asiri ba, don na san direbobi da masu gyara, bakinsu ɗaya.

Kabo gajere ne, mai ƙaton kai, rigarsa duk ta huje da ruwan batir kamar rariya. Ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya." Na ce ban je ba tukuna, ya ce mani Malama. Ya ce, "Tau, Malama, ki ja baya kaɗan, wannan ruwan ba ya ganin girman zane."

Na ce ni batir na zo gani, an ce an musanya shi.

Ya goge gefen batirin da tsumma, ya nuna mani lambar da aka buga a jiki, ya ce in duba takardun motar. Na duba. Na sake dubawa. Lamba ɗaya ce.

Ya buɗe murafu shida na saman batirin, ya leƙa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan ya rufe farantan ciki daidai. Ya tsoma wani gilashi mai kan roba, kamar abin ɗiga magani amma babba, ya zuƙo ruwan ya duba. Ya ce, "Batir lafiya lau yake, yunwa ce kawai. Kuma duk wanda ke kula da shi ya san aiki. Dubi kawunansa, ba wannan koren garin da ke hana wuta wucewa, har man shafawa ya sa masu. Ruwan ma ba na rijiya ba ne. Na rijiya yana kashe batir."

Na san wannan. Dawuda yana shimfiɗa fararen kwanuka a tsakar asibiti idan za a yi ruwa, ya tace da farin ƙyalle ya ɗura a kwalabe. Na sha yi mashi dariya, na ce motar ta fi mu shan ruwa mai tsabta.

Kabo ya danna fambel, bel ɗin da ke juya abin caji, da babban yatsa. Bai saki ba, bai tsage ba. Ya ce zai sa batirin a caji, in dawo Litinin a tada mota a ga mai ba shi abinci, ko yana ba shi ko ba ya ba shi.

To ba a musanya ba. Saura lasifika.

Kujerar baya ba a wanke ta ba. Ban leƙa ba. Na gani dai.

Asabar, 12 ga Yuni. Da safe.

Haihuwa biyu, duk lafiya. Da na gama na wanke hannuwana, na sake wankewa.

Lahadi, 13 ga Yuni. Bayan la'asar.

Sunan jaririyar. An haɗa da addu'ar bakwai, ba kiɗa, ba komai. Ban so zuwa ba, Goggo Tani uwar Manu ta aiko har sau biyu.

Na zauna a cikin mata. Wata akuya ce aka samu take shayar da yarinyar, ana tatsowa ana dafawa kamar yadda na koya masu. Da aka shigo da labarin suna daga waje, sai na ga duk an juyo ana kallona. Goggo Tani ta ɗauko ta ta ɗora mani a cinya.

Ta ce, "Ga takwararki. Hawwa'u."

Na ce, "Goggo, ba ku da wani sunan a danginku?"

Ta ce, "Akwai, cike da ruga. Amma ba waccensu da ta zauna awa huɗu a cikin jini ta fito mana da rai ɗaya. Ke kin yi naki. Wancan direban ne Allah zai tambaya."

Na ce amin. Da bakina na ce amin.

Litinin, 14 ga Yuni. Da yamma.

Kabo ya mayar da batirin, mota ta tashi da murɗa ɗaya. Jin ƙarar injin ya sa na nemi benci na zauna.

Ya kawo wani akwati mai allura a fuska, ya maƙala wayoyinsa biyu a kawunan batir. Ya ce, "Malama, kin iya karatu, karanta mani." Allura tana kan sha biyu da ɗan abu. Ya taka mai. Ta ɗan motsa kamar mai jin kunya. Ya ce mai lafiya sai ta haura wajen sha huɗu ta tsaya. Ya kunna manyan fitilu da waifa, sai ga allura tana sauka a gabana, a hankali, a hankali, kamar yadda waifar ta yi ranar Lahadi.

Ya ce, "Kin gani? Ana ci, ba a zubawa. Da rana ba fitila, ɗan abin da take bayarwa yana riƙe ta kwana biyu. Ranar da aka kunna komai lokaci ɗaya, shi ke nan."

Sai ya kira ni gaban sitiyari, ya tare hasken rana da tafin hannunsa, ya ce in duba. Jar fitilar caji tana ci, amma can ƙasa-ƙasa, kamar garwashin da toka ta rufe. In ba an tare rana ba, ba za a gan ta ba.

Ya kwance altaneta, wato abin da ke cajin batir idan inji na juyawa, ya buɗe ta a kan buhu. Ya shinshina, ya miƙo mani. Warin ƙuna. Ya nuna mani wasu ƙananan abubuwa kamar maɓallan riga, jere a jikin wani ƙarfe. Ya ce su ne ƙofofin wuta, suna barin ta ta fita zuwa batir, ba sa barin ta ta dawo. Biyu sun ƙone ƙurmus.

Na ce, "Me ke ƙona su?"

Ya ce, "Hannun mutum. Ko a juya kawunan batir, ko a cire batir inji na aiki. Kin san mu nan da dainamo muka saba, irin na tsofaffin motoci. Dainamo jaki ne. Ka tada mota, ka zare batirinta ka kai wa wata ta tashi, ka dawo da shi, ko a jikinsa. Kowa a tashar nan haka ya koya. Ita kuwa wannan, da ka zare batir tana juyawa, wutar ba ta da wurin zuwa, sai ta ci gidanta. Daga zuwan sababbin motocin nan na canza guda tara. Ina faɗa, ana cewa Kabo na neman kasuwa."

Na ji wani daɗi mai muni. Na ce, "Ke nan an cire batirin."

"An cire shi, inji na aiki."

"Za ka faɗa wa kwamiti haka?"

"Abin da na gani zan faɗa. Wanda ya cire, wannan ba ya rubuce a jikin ƙarfe."

Na roƙe shi ƙarfen mai ƙonannun maɓallan, ya naɗe mani a takardar siminti. Duk hanya ina riƙe da shi a jaka ina cewa na kama ka, Dawuda.

Wajen tsamiyar nan ne wani abu ya taɓa ni a ƙirji. Na ce yunwa ce.

Talata, 15 ga Yuni. Da hantsi.

Masu lasifika ba sa buƙatar a bar inji yana aiki. Su batir kawai suke so. Mutum zai kashe mota ne ya cire abinsa hankali kwance.

Ban san me ya sa na rubuta wannan ba.

Talata, bayan azahar.

Na ɗauko littafin motar daga durowa. Tun da aka kawo ta yake nan cikin ledarsa. Ni kaɗai ce mai karanta Turanci a wannan asibiti. Ni da na karanta littattafan ungozoma uku har bangonsu ya fita, ni da ba a naɗe mani ƙosai a jarida ban karance ta ba, ban taɓa buɗe shi ba.

Shafi na talatin da ɗaya. An rubuta shi da baƙin rubutu mai kauri, an kewaye shi da layi. Kada a taɓa cire batir inji yana aiki. A ƙasa kuma: idan jar fitila ta ci, ko kaɗan ne, a kai mota wurin gyara nan take.

Na mayar da shi cikin leda.

Laraba, 16 ga Yuni.

Ban je aiki ba. Na ce wa Rabi zazzaɓi.

Alhamis, 17 ga Yuni. Da rana tsaka.

Rufin nan. Ko ruwa ba a yi, rana ta buga shi sai ya riƙa ƙas, ƙas.

Juma'a, 18 ga Yuni. Bayan an sauko daga masallaci.

Zan rubuta, in ga ko yana da kama da gaskiya a kan takarda.

Asabar, ashirin da tara ga watan jiya. Jaji mai jigilar kaya ya kawo mani kwanon rufi a tsohuwar a-kori-kurarsa, kwanon da na saya da ƙarin albashin bara. Ya shigo da baya har ƙofar gida, ƙafafun baya suka nutse a yashi, motar ta mutu ta ƙi tashi. Ba ta turuwa. Hadari ya haɗu a gabas, an riga an yaye tsohon rufina, littattafaina suna tsakar gida a kwali. Akwai sauran kwano a Kankiya da zai koma ya ɗauko.

Na aika a kira Dawuda da motar asibiti. Jaji ya ce a bar ta tana aiki a zaro batirin, don in nasa injin ya shanye shi kada a rasa duka biyu. Haka ake yi, in ji shi, kowa ya sani.

Dawuda ya ce, "Sista, wannan ba irin waɗanda na saba ba ce. Ban san halinta ba. A bari in je tasha in aro wani."

Akwai kafintoci huɗu a wurin, da Jaji, da maƙwabta. Na ce, "Shekara talatin kana tuƙi kana tsoron batir? Motar ta ubanka ce ko ta asibiti? Wa ke shugabancin asibitin?"

Aka yi dariya. Na ji daɗin dariyar. Na tuna sarai na ji daɗinta.

Ya cire. A-kori-kura ta tashi. Kafin magariba an rufe ɗakina, ko ɗigo bai taɓa littafi ɗaya ba.

Ranar Litinin ya same ni ina auna masu ciki, ya ce, "Sista, jar fitilar nan tana ɗan haske." Na ce tana tashi? Ya ce tana tashi. Na ce to ya bar ni da fitila, idan wata ya yi nisa za mu rubuta a duba. Ranar Alhamis ya sake faɗa. Na ce in ya ƙara yi mani maganar fitila zan sa a ba shi aikin gadi, ya ga fitila ta ishe shi.

Kwana goma sha biyu ina neman suna in rubuta da manyan baƙaƙe.

Ban manta ba. Wannan ne abin da ya fi ba ni tsoro. Yana nan duk kwanakin nan, kamar ƙwaryar da ke bakin ƙofa, ina tsallake shi safe da yamma.

Asabar, 19 ga Yuni.

Sakaci, sau shida. Da rubutuna mai kyau.

Lahadi, 20 ga Yuni. Da yamma.

Na je gidan Dawuda. Matarsa Jamilatu ta amsa sallama, ta ga ni ce, ba ta shimfiɗa tabarma ba. Ta ce yana gona. Ta ce tun ranar nan ba ya zama a majalisa, masallaci ma sai an tada salla yake shiga, ya tsaya a sahun ƙarshe. Ta ce masu tallan nono sun daina tsayawa a ƙofarsu. Duk tana faɗa tana tankaɗe, ba ta dube ni ba.

Na same shi yana noman gero a bayan gari. Ya ajiye fartanya ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru.

Na ce, "Malam Dawuda, ka san abin da ya kashe motar?"

Ya ce, "Na yi zato. Tun ranar da fitilar ta fara."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na fara, kika ce in kai wa kwamiti."

"To me za ka ce wa kwamitin?"

Ya ce, "Zan ce ni na cire. Ai ni na cire."

Na ce ba na son wannan wasan. Na ɗaga murya a tsakiyar gonar mutane, na ce shi wane ne da zai ɗaukar mani kayana, na roƙe shi? Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Sista, direba ko gobe aka nema, a tasha za a samu goma. Daga nan har Bauranya, wa ke juya ɗa in ya zo a gicciye? In suka kore ki, sai a yi shekara ba a aiko wata ba. Na zauna na yi tunanin matan da ke da ciki yanzu a garin nan. Har da ɗiyata." Ya ɗauki fartanyarsa. "Kuma hannuna ne. Na san bai kwanta mani ba, na yi, don kada a ƙara yi mani dariya. Wannan nawa ne, ba naki ba."

Na dawo ina jin haushinsa fiye da da. Ya ba ni mafita mai kyau, mai hujja, wadda zan iya bi in ce don mata na yi.

Litinin, 21 ga Yuni. Da safe.

Masu ciki goma sha bakwai a layi. Na duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Maganarsa gaskiya ce.

Talata, 22 ga Yuni. Bayan azahar.

Maganarsa gaskiya ce, kuma ba za ta yiwu ba. Yarinya tana girma a bayan Dudunni da sunana. Wata rana za ta tambayi dalili, a ba ta labarin direban da ya sayar da batir.

Na koya wa Rabi abin da zan iya a kwana biyu. Ta ce, "Sista, tafiya za ki yi?" Na ce ta kula da hannunta, ba bakinta ba.

Alhamis, 24 ga Yuni. Bayan la'asar.

Mutum uku a bayan tebur, da fanka mai kuka. Kabo ya yi bayaninsa. Shugaban kwamitin ya ɗauko rahotona, ya ce ba su taɓa samun rahoto mai tsari irin wannan ba. Ya fara karantawa.

Na miƙe na ce a dakata. Na ajiye ƙonannen ƙarfen a kan tebur, na ajiye littafin motar a buɗe a shafi na talatin da ɗaya. Na faɗi kwanon rufi, na faɗi Jaji, na faɗi Litinin da Alhamis. Na maimaita masu abin da na ce a kan ubansa, kalma da kalma, don shi ma yana cikin abin da ya ƙona ƙarfen.

Shugaban ya ce, "Malama, kin san abin da kike jawo wa kanki?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na iya karatu. Jinkiri kawai nake yi."

Dawuda ya ce, "Ni na cire, ranka ya daɗe." Na ce ya yi shiru. Sai na ji muryata, ita ce dai ta ranar Asabar ɗin. Na ce, "Yi haƙuri, Malam Dawuda. Faɗi." Ya faɗi nasa.

Sun ba shi gargaɗi, sun mayar mashi da makulli. Nawa sun ce ya fi ƙarfinsu, za a tura sama. In ci gaba da aiki har takarda ta zo. Ba wanda ya ce mani me za ta ƙunsa, ban kuma tambaya ba.

Asabar, 26 ga Yuni. Da yamma.

Na kai ƙwaryar. A ƙasa na je daga bakin hanya.

Na faɗa masu a tsaye. Manu ya saurara har ƙarshe, ya ɗauki sandarsa ya nufi wajen shanu. Goggo Tani ta karɓi ƙwaryar ta juya ta, ta duba gindinta inda Sa'a ta ɗinke wata tsaga da zare.

Na ce in suna so su canza sunan, ba zan ji komai ba.

Ta ce, "An yanka rago, an raɗa. Ba a zare suna kamar yadda kuke zare abin motarku." Ta daɗe tana kallon ƙwaryar. "Aika wa direban nan, ki ce na ci namansa, ya yafe mani. Ke kuma yarinyar tana zawo tun jiya. Duba ta kafin ki tafi."

Na duba ta. Ba a ba ni ruwa ba, ba a raka ni ba.

Litinin, 28 ga Yuni. Ƙarfe biyar na yamma.

Mun ɗauko motar daga wurin Kabo. Ya sa sabuwar altaneta, allura ta haura sha huɗu ta tsaya, da fitilu da waifa da komai. Na sa ya nuna wa Dawuda, sannan na karanta masu shafin nan da Hausa, su da direbobin da suka taru. Wani ya ce su tun kakanninsu haka suke yi. Na buɗe baki, na rufe.

Dawuda ya wanke kujerar baya da kansa. Na zauna a gaba.

Ya murɗa makulli. Fitilar ta kama, ja sosai. Injin ya tashi, ta mutu. Na sa tafin hannuna na tare rana, na duba. Baƙi ƙirin.

Ya ce, "Ta mutu, Sista."

Na ce na gani.

Ban ɗauke hannun ba har muka wuce tsamiya.